Zaure, Ma'auni da Takobi: Siffar Adalci a Gini da Zane

Jawabin da aka gabatar a birnin Yamai, a taron bikin cikar wannan sarauta shekara ɗari



Gabatarwa

Shekara ɗari ba kwana ɗari ba ce. A irin wannan rana maroƙa da makaɗa sukan jero sunayen sarakunan da suka gabata, wane ya gaji wane, wane ya yi shekara kaza a kan karaga, kuma aikinsu ke nan. Sai dai talaka yana da nasa lissafin, wanda ba ya shiga bakin maroƙi. Abin da yake riƙewa shi ne ranar da aka ci masa iyakar gona, ko aka hana shi gadon ubansa, ya taso ya zo ƙofar fada: an bar shi ya shiga ko an kore shi, an saurare shi har ya kai aya ko an katse masa hanzari. Da wannan lissafi gidajen sarauta suke daɗewa, da shi kuma suke rushewa.

Adalci ba shi da jiki, ba shi da launi, ba a kama shi da hannu. Ɗan Adam kuwa bai cika amincewa da abin da bai gani ba, shi ya sa Hausawa suka ce gani ya kori ji. Saboda haka kowace al'umma ta nemi hanyar da za ta ba shi siffa. Wasu sun sassaƙa shi a dutse, wasu sun zana shi a takarda, wasu kuma sun gina shi da ƙasa da azara. Wannan jawabi zai bi sawun waɗannan siffofi daga na nesa zuwa na gida, domin a ga abin da magabata suka bari a jikin bango da ƙofa, da kuma abin da ya rage a wuyan magada.

Matar da take riƙe da sikeli

A gidan tarihi na Lubur da yake Paris akwai wani baƙin dutse da tsawonsa ya ɗara mita 2, wanda aka tono a Susa ta ƙasar Iran a shekarar 1901. A jikinsa aka rubuta dokokin Hamurabi, sarkin Babila, wajajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa. A saman dutsen an sassaƙa sarkin a tsaye a gaban abin bautarsu, shi kuwa abin bautar yana zaune. Abin da masassaƙin yake faɗa a fili yake: sarki ma yana da wanda yake tsayawa a gabansa. Mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni su kuma sikeli suka zana, an ɗora zuciyar mamaci a kwano ɗaya, an ɗora gashin tsuntsu guda a ɗaya kwanon, alamar gaskiya.

Girkawa da Rumawa sun siffanta adalci da mace, daga wurinsu kuma siffar ta yaɗu a Turai har ta kai ga wadda aka sani a yau: mace a tsaye, sikeli a hannu ɗaya, takobi a ɗayan, an ɗaure mata idanu da ƙyalle. Ita ake gani a ƙofofin kotuna da hatiman lauyoyi a ƙasashe da yawa. Mutane da dama suna zaton tun asali haka take, alhali a tsabar kuɗin Rumawa idanunta a buɗe suke. Ƙyallen ya shigo ne daga baya, kuma da ba'a ya fara. A wani littafin zambo da Sebastiyan Barant ya buga a birnin Basel a 1494, an zana wani wawa yana ɗaure mata idanu daga baya, domin a nuna yadda masu son husuma da ƴan kutun-kutun suke makantar da shari'a. Ba a cika shekara 50 ba ma'anar ta juya. A 1543 aka kafa gunkinta a kan wata maɓuɓɓugar ruwa a birnin Ban na ƙasar Suwizalan da idanu a ɗaure, wannan karon da nufin yabo, wato ba ta duban fuskar mai kuɗi balle ta talaka. Duk da haka ba kowa ya bi ba. Wadda take bisa rufin babbar kotun laifuka ta Landan, wadda aka buɗe a 1907, idanunta a buɗe suke har yau.

Darasin da yake cikin wannan tarihi shi ne alama ba ta da bakin kare kanta. Ƙyalle ɗaya ne, wani ya karanta shi makanta, wani ya karanta shi rashin son kai, kuma halin alƙalan zamani shi yake sa jama'a su zaɓi karatun da za su yi. Hausawa ma sun kira shari'a mace, amma ta wata fuskar: sun ce mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Karin maganar gargaɗi ce ga mai gaggawar kai ƙara, ga alƙali kuma tunatarwa ce kada ya raɗa wa jariri suna tun bai zo duniya ba.

Mizani da tiya

Ƙasashen Musulmi ba su sassaƙa gunki ba, amma sikelin bai ɓace musu ba, domin Alƙur'ani mai girma ya zo da shi. A cikin Suratur Rahman an ambaci mizani sau uku a ayoyi uku a jere. A cikin Suratul Hadid an haɗa littafi da mizani da baƙin ƙarfe a aya guda, malamai kuma suka fahimci jerin a matsayin doka, da awo, da ƙarfin da yake tsare su. Akwai kuma sura sukutum da aka buɗe da kashedi ga masu tauye mudu.

Wannan ya sa a ƙasar Hausa sikelin adalci bai hau saman gini ba, kasuwa ya shiga. Talakan Nijar ya fi sanin adalci a bakin tiya fiye da a zauren kotu, domin kullum sai ya auna gero, amma yana iya ƙare rayuwarsa bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Tiyar da aka bubbuga gindinta ta shige ciki, da hannun ma'auni da yake dogara hatsi idan yana saye ya janye idan yana sayarwa, su ne ƙananan zaluncin da ake yi sau dubu kafin rana ta faɗi. Saboda haka tsarin sarauta ya tanadi Sarkin Kasuwa da masu lura da awo, littattafan fiƙihu kuma suka tanadi muhtasibi. Duk wanda yake son sanin lafiyar shari'a a gari, ya je bakin ƴan hatsi a Babbar Kasuwa ko Katako ya tsaya na sa'a guda.

Ƙofa da zaure

A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu al-Magili, mutumin Tilimsan, ya ratso ta ƙasar Abzin ya sauka Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Maganar da ya yi ta nanatawa a cikinta ita ce babu masifar da ta kai sarki ya ɓuya wa talakawansa. Wannan nasiha ce da magini zai iya aiwatarwa ko ya warware, domin ɓuya da bayyana aikin bango da ƙofa ne.

Sarakunan Musulunci na wasu ƙasashe sun yi fama da wannan matsala, kowa da dabararsa. Nuruddin Zanki ya gina Darul Adli a Dimashƙa wajajen 1163, gida na musamman inda yake zama tare da alƙalai don jin koke a kan manyan dakarunsa. A fadar Topkapi ta Istanbul akwai hasumiyar da ake kira Hasumiyar Adalci, da wata taga mai raga wadda take kallon majalisar wazirai, ta yadda ba su san lokacin da Sarkin yake bayanta yana saurare ba. Sarki Jahangir na Indiya da ya hau mulki a 1605 ya sa aka rataya sarƙar zinariya mai ƙararrawa 60 daga ganuwar fadar Agra zuwa bakin kogi, domin wanda fadawa suka tare ya ja ta, Sarki ya ji da kunnensa. Dukkansu abu ɗaya suke tsoro, wato mutanen da suke tsakanin sarki da mai kuka.

Maginin ƙasar Hausa ya warware matsalar da zaure. Zaure ɗaki ne da yake rabinsa na gida rabinsa na gari. Ƙofarsa ta waje tana kallon dandali, kuma a buɗe take wuni. Baƙo yana sauka a cikinsa, almajiri yana karatu, mai ƙara yana zama ya jira. A tsofaffin gidaje da yawa ƙofar ba ta da tsawo, mai doki sai ya sauka, dogo sai ya sunkuya, kowa kuma sai ya tuɓe takalmi. Idan aka zauna, mai ƙara da wanda ake ƙara a ƙasa ɗaya suke zama, nisansu da mai hukunci ɗaya. Wannan ya dace da wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari, inda ya umarce shi da ya daidaita mutane a wurin zama da kallo da hukunci, don kada babba ya sa rai a karkata masa, ƙarami kuma ya fid da rai.

Wanda ya ɗaga kai a cikin babban soro zai ga wani darasin. Azara ba ta iya ƙetare fili mai faɗi ita kaɗai, don haka magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga: bakuna suna tasowa daga kowane bango, suna haɗuwa a tsakiya, inda akan manna tasa ko faranti. Kowane baka ya jingina da ɗan'uwansa da yake fuskantarsa. Idan ɗaya ya fi ƙarfi ya ture ɗayan, rufin ne zai tsage, kuma a kan mai gida zai faɗo.

Tsarin gari ma magana yake yi. A Agadas fadar Sarkin Abzin tana maƙwabtaka da babban masallaci mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, kuma tsohon birnin ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013. A Damagaram fadar da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu, tana fuskantar fili da masallaci, dogarai masu jajayen riguna a ƙofa, masu ƙara suna shigowa har yau. A Dosso fadar Zarmakoi da aka gina a 1904 ita ce cibiyar gari. A Zariya kuwa, da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, sai ya sanya ɗakin shari'a a cikin harabar masallacin. Fada, masallaci, ɗakin alƙali da dandali suna kallon juna, kowane yana shaida a kan ɗan'uwansa.

Ko a shigar sarki akwai abin lura. Matar Turawa idanu aka rufe mata. Sarkin ƙasar Hausa bakinsa yake rufewa da amawali, ya bar idanu da kunnuwa suna aiki, kuma a wasu masarautun rawanin ƴaƴan sarki kunne biyu gare shi. Mai lura yana iya karanta su kunne ɗaya na mai ƙara, ɗaya na wanda ake ƙara, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sarki yakan yi magana kaɗan, kuma a ƙarshe, bayan kowa ya gama tasa.

Inuwa

Kafin zaure akwai bishiya. A ƙauyuka da yawa har gobe gindin tsamiya ko ceɗiya ko gawo ne majalisar mai gari, kuma kotu ce da ba ta da ƙofar da za a rufe. Duk mai wucewa shaida ne. Waɗanda suka yi lakwal a zamanin Faransa za su tuna hoton Sarki Luwi na Tara, wanda ya mulki Faransa daga 1226 zuwa 1270, yana zaune a gindin wata bishiya a Bansan yana jin ƙarar talakawa ba tare da shamaki ba. Ashe abin da aka koya wa yara a matsayin abin mamakin Turai, kakanninsu suna yin sa kowace safiya.

A wannan zamani ƙasar Afirka ta Kudu ta ɗauki wannan siffa ta mayar da ita ginin hukuma. Kotun tsarin mulkinta da aka buɗe a Johanasbag a 2004 an gina ta a harabar tsohon kurkukun da aka taɓa tsare Gandi da Mandela, har an yi amfani da tubalan wani sashe na kurkukun da aka rushe. Tambarin kotun bishiya ce da mutane a ƙarƙashinta. Ginshiƙan zaurenta a karkace suke kamar rassa, an lulluɓe gaban mazaunin alƙalai da fatun shanu, kuma akwai siririyar taga daidai da ƙasa, wadda alƙalai ba sa ganin kome ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa, ba a san na attajiri ba balle na matalauci.

Amma inuwa ma iri-iri ce. Akwai ta giginya, wadda aka ce na nesa ka sha ta, na gindinta yana cikin rana. Akwai ta gawo, bishiyar da take kakkaɓe ganyenta da damina ta bar gero ya sha rana, sannan ta yi ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Ana ba da labarin Sarki Tanimu na Damagaram ya sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo, kuma manoman yankin sun ci gajiyar wannan doka shekaru masu yawa. Sarautar da take son shekara ɗari ta biyu, halin gawo ya kamata ta ɗauka: ta sassauta wa talaka lokacin da yake nema, ta rufa masa asiri lokacin da ya rasa.

Ƙasar Arewa ma tana da tata siffar tun kafin zuwan Turawa. A Lugu, garin Sarauniyar da ta tari rundunar Bule da Shanuwan a 1899, akwai dutsen Tunguma, wanda masu bin al'adar gargajiya suke kai wa jayayyarsu don ya raba gardama. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, zaɓen dutse yana nuna abin da jama'a suke nema ga mai hukunci: wanda ba shi da dangi a cikin masu shari'a, kuma ba shi da aljihu.

Takobi a cikin kube

Sikeli ba ya tsayawa shi kaɗai, sai da ƙarfin da zai sa wanda aka kayar ya biya. Wannan ne matsayin takobi a kayan sarauta. Katsina tana da Gajere, Daura tana da takobin da ake dangantawa da Bayajida, kuma magina sun sha zana takobi tare da dagi a fuskar gidajen manya a Damagaram da Kano da Zariya. Abin lura shi ne a ranar hawa da ranar naɗi a cikin kube ake riƙe shi. Kowa ya san yana nan, ba a bukatar a zare.

An ga abin da yake faruwa idan takobi ya rabu da sikeli. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata ta ƙasar Gobir a 1754, cikin Nijar ta yau, ya lissafa a littafinsa Kitabul Farƙi irin abubuwan da ya ga suna ɓata mulki, daga ciki har da gaisuwar da ake kai wa masu iko kafin a ji kukan mutum, da hukuncin da yake bin mai abin hannu. Shi ne kuma ya yaɗa maganar magabata cewa mulki yana iya ɗorewa da kafirci, amma ba ya ɗorewa da zalunci. A zamanin mulkin mallaka an sake ganin takobi tsirara. Dokar da ake kira andijena ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ko cin sa tara ba tare da shari'a ba, ga kuma aikin tilas, har zuwa 1946 da aka soke su. Sarakuna da yawa sun sami kansu tsakanin umarnin kumandan da kukan talakawa, kuma tsofaffi ba su manta da wanda ya kare su da wanda ya miƙa su ba.

Tambarin Jamhuriyar Nijar ba shi da sikeli, amma yana da abin da ya fi kusa da rayuwar ƙasar. A kan garkuwa akwai rana a tsakiya, da mashi da takubban Abzinawa biyu a giciye, da zangarniyar gero uku, da kan sa. Manomi da makiyayi suna kan garkuwa ɗaya, makami yana gefensu yana gadi. Duk shari'ar da ake yi a ƙofar fada bayan damina, ta ɓarnar gona da toshe burtali da hana mashaya, ƙoƙari ne na riƙe waɗannan biyu a kan garkuwar. Abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a watan Oktoba na 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara, ya isa ya nuna tsadar sulhun da bai zo da wuri ba.

Yamai: gidan shari'a da ƙofar fada

Da Gwamna Birebiye ya dawo da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, Turawa sun gina fadar gwamna da ofisoshinsu a kan tudun Filato, kwarin Gunti Yena ya raba su da unguwannin ƴan ƙasa. Wannan ma magana ce ta gini: iko a sama, jama'a a ƙasa, rami a tsakani. Daga wancan tsari aka gaji gidan shari'a irin na Faransa, wanda a Yamai har shataletale ake kira da sunansa. Alƙali yana zaune a bisa, sanye da baƙar riga, mai ƙara yana tsaye a bayan katako, magana tana bi ta bakin tafinta. Tsarin yana da amfaninsa, domin yana da rubutacciyar doka, da lauya, da damar ɗaukaka ƙara. Amma ga tsohuwar da ta zo daga Gamkalle ko Gudel da maganar gado, hawa matakalarsa kaɗai abin fargaba ne.

Dokokin ƙasa sun gane cewa gidajen biyu suna bukatar juna. Dokar tsarin shari'a ta 1962, da waɗanda suka biyo bayanta a 2004 da 2018, sun bar wa al'ada gurbi a sha'anin aure da saki da gado da gonaki, suka kuma zaunar da masana al'ada kusa da alƙali. Dokar matsayin sarakunan gargajiya ta 1993 da ta 2015 sun ba sarki ikon sulhu tsakanin masu jayayya, tare da rubuta takardar da take nuna an sasanta ko ba a sasanta ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, sarakuna kuma suna cikinsu. Ma'ana, takobin ya koma hannun hukuma, an bar wa fada sikeli da zaure. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin ragin daraja bai duba da kyau ba. Alƙali yana yanke hukunci ya tashi, amma masu shari'ar gobe za su haɗu a rijiya ɗaya da masallaci ɗaya, kuma wanda zai iya mayar da su maƙwabta shi ne wanda ya san kakanninsu.

Akwai darussa biyu da birnin nan ya gani da idonsa. A watan Oktoba na 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta zauna a Yamai ta yanke hukunci a kan ƙarar wata baiwar Allah daga yankin Ƙonni, wadda aka sayar tana yarinya. Kotun ta ce hukuma ta gaza kare ta daga bauta, ta sa a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Kafin ta kai can ta ƙwanƙwasa ƙofofi da yawa na kusa da ita. Na biyu, a farkon watan Janairu na 2012 gobara ta cinye ginin Ma'aikatar Shari'a, takardu masu yawa suka ƙone. Gini ana sake shi, amma takardar da ta ƙone ta tafi da haƙƙin wani. Fadar da ta shekara ɗari tana da iyakokin gonaki da yarjejeniyoyin sulhu a cikin kawunan dattawa da tsofaffin akwatuna, dattawa kuwa suna tafiya, gara kuma ba ta hutu.

Kammalawa

Zamani ya kawo siminti da ƙofar ƙarfe da na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba laifi ba ne fada ta yi kyau, domin sarki goma zamani goma. Halin tsaro ma ya sa dole a yi katanga a sa masu gadi. Roƙon da ake yi ga Mai Martaba da ƴan majalisarsa da masu hannu da shuni da za su taimaka wajen gyaran fada shi ne a tuna da abu huɗu. A bar zaure yana kallon titi, da ranaku sanannu waɗanda kowa zai iya shiga ba tare da ya san wani bafade ba. A tanadi wurin zama mai mutunci ga mata masu ƙara, domin gado da saki da riƙon ƴaƴa su suka fi shafa. A rubuta kowane sulhu, a ajiye kwafinsa a wuri fiye da ɗaya, har da na'urar kwamfuta. A kuma bar bishiyar ƙofar fada a tsaye, idan babu a dasa, ko da waɗanda suka dasa ba za su sha inuwarta ba.

Magina sun san ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara bayan ruwa ya ɗauke sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe, in ba haka ba soron da ya shekara ɗari yana iya zubewa a damina biyu. Magabatan wannan gida sun yi nasu yaɓen, shi ya sa aka taru yau a inuwarsa. Na bana yana hannun waɗanda suke zaune a nan.

Allah ya jiƙan sarakunan da suka riga mu gidan gaskiya, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya kewaye shi da mashawarta masu faɗa masa gaskiya, ya sa rauni ya sami gata a ƙofarsa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da Yamai da Nijar baki ɗaya lafiya.